Gayyar Wayoyi a Bakin Tur'a

"To shi wanga aiki naka, mutum guda na iya shi, ko sai an kira gayya?"

Ma'u na tsugune a bayan danga tana wanke kofunan shayi lokacin da ta ji Baffa Almu ya jefa wa mijinta wannan tambaya. Ta san muryar tsohon in yana zolaya, kuma zolaya yake yi. Abin da ya sa ta tsayar da wankin shi ne shirun da mijin ya yi. Zaharaddini ba ya yin shiru sai in wata dabara ta faɗo masa, ita kuwa a ɗan zaman da suka yi tare ta lura cewa kowace dabara tasa a kan tukwanenta take ƙarewa.

Ga yadda abin yake. Zaharaddini ya yi karatun noma a birnin Madani, ya dawo ƙauye da takardar shaida da wani tabarau da ba na ciwon ido ba. Aiki bai samu ba, sai ya koma taya mahaifinsa noman auduga a hawasharsu, wato gonarsu ta ban ruwa, yana yi yana gaya wa duk mai wucewa cewa ba a nan ya kamata a same shi ba. Kwatsam wata ƙaramar kwalejin noma da ke kan hanyar garin Hajj Abdalla ta neme shi gwaji. Shugabar sashen, Dakta Nawal, ta ce ya zo ranar Lahadi ya koyar da ɗalibai darasin ban ruwa a gabanta. In ya yi abin kirki ya samu aiki, har da ɗaki biyu a gidajen malamai, da famfo a tsakar gida. Don ta taimaka masa sai ta ba shi kalmar sirrinta ta shiga wani shafin intanet na malaman kwaleji, ta ce ya sauke darasin a wayarsa ya yi shiri.

Tun daga ranar ya hana kowa kiransa sai da Ustaz. Ma'u da ma ba ta kama sunansa, sai abin ya zo mata da sauƙi.

Ita ma fa ba a bar ta a baya ba. Famfon nan ya shiga ranta. Ta raɗa wa maƙwabciyarta Sakina maganar, ta ce kada kowa ya ji, kafin la'asar mata na tare ta a hanya suna cewa, "Matar Ustaz, in kun tafi kada a manta da mu." Maimakon ta ce ai ba a ɗauke shi ba tukuna, sai ta sunkuyar da kai tana murmushi. Har jarkokinta na ɗebo ruwa ta yi wa Sakina kyautarsu, wai me za ta yi da su kuma.

Matsalar ɗaya ce, shabaka. Duk faɗin ƙauyen babu inda waya ke kama intanet sai kan 'yar gadar tur'a, babbar magudanar da ke shayar da gonaki. Nan Zaharaddini ya yi ta zarya. Kuma bai tsaya ga darasin da aka ce masa ba. Da ya buɗe shafin ya ga darussa jere reras har ƙasa, sai ya rantse duka zai kwaso ya kai wa Dakta, ta san irin mutumin da ta samu. Sai ɗan layin nan shuɗi ya yi ta rarrafe a fuskar wayar, ya kai tsakiya, ya tsaya ya huta, ya koma farko.

Wannan kukan yake kai wa Baffa Almu, ƙanen mahaifinsa, har tsohon ya yi tambayar.

"Baffa," in ji Zaharaddini bayan dogon shirun, "ka san abin da ka faɗa kuwa?"

"Wasa nika yi, ɗana."

"Ba wasa ba ne, ilimi ne, kai dai ba ka sani ba. Waya ɗaya ai fartanya ɗaya ce. Hawashar da mutum guda zai kwana yana nomewa, in an yi gayya kafin azahar an tashi. Wayoyi nawa ne a garin nan?"

"Allah kaɗai ya sani. Har awaki sun kusa samu."

"Shi ke nan! Ma'u! Asabar muna da gayya, a tanadi kisra mai yawa!"

Ma'u ta so ta tambaya ko Dakta ta san da wannan shiri. Ta buɗe baki, amma "To" ce ta riga fitowa, kamar kullum.

Ranar Juma'a ana fitowa masallaci ya hau wani dutse ya yi shela. Duk mai waya babba ya cika ta da caji ya fito bakin tur'a gobe da safe, za a sauke ilimi. Jibril, taubashinsa kuma mijin Sakina, shi ya fara ɗaga hannu.

"Ya zol, mutumina, in mun sauke, a buhu za mu zuba ko a kai rumbu?"

"Kai dai kawo wayarka. Kanka kuwa bar shi a gida, ba a bukatarsa."

"To, Ustaz na jibi. Akwai nama?"

"Akwai kaji."

A nan ne Ma'u, da labarin ya iske ta a gida, ta san makomar kajinta.

Baffa Almu kuma ya kafe cewa gayya babu ganga zaman rana ce kawai. Aka aika wa Yakubu mai ganga, wanda tun da tarakta ta shigo gari babu wanda ya sake nemansa. Ya ce ko ba a ba shi komai ba zai zo.

Asabar tun da sassafe Ma'u ke gaban murhu tana shimfiɗa kisra, wainar dawa mai faɗi marar kauri, tana ɗagawa, hayaƙi na cin idonta, Sakina na juya miyar kaji. Da hantsi ya yi suka ɗauki farantai a kai suka nufi gada. Zaharaddini ya ce ita ma ta zo da 'yar wayarta mai tsagaggen gilashi, ko ita ma ta kama layi ɗaya.

Abin da suka tarar ko ranar tsinkar auduga ba a taru haka ba. Maza sun yi dogon layi, Zaharaddini na zaune a kan kujera cikin farar jallabiya da tabarau, kowa ya miƙo waya sai ya danna masa kalmar sirrin Dakta Nawal ya miƙa masa, ya ce, "Na gaba!" Wani da ya gaji da jira ya ce a faɗa masa ya sa da kansa, Zaharaddini ya miƙe ya karanta ta da ƙarfi don kowa ya huta.

Daga nan ya jera su a kan gaɓar tur'a kafaɗa da kafaɗa, yadda ake jera 'yan gayya a bakin gona.

"Kowa ya kama layinsa! Ba waiwaye! Bismillah, a fara!"

Yakubu ya saki ganga. Yatsu suka sauka a kan wayoyi gaba ɗaya.

Da farko abin gwanin sha'awa. Layuka shuɗɗa suka fara motsi, kowa na leƙen na maƙwabcinsa.

"Nawa ya wuce naka!"

"Ina! Dubi nan, na kusa rabi!"

Yakubu na bin bayansu yana kiɗa yana wasa duk wanda layinsa ya yi gaba, yana yi wa na baya habaici, har wani dattijo ya fusata ya fara girgiza wayarsa kamar mai koran jaki. Ma'u na can gefe wajen farantai, hannu ɗaya na korar ƙudaje, ɗaya na riƙe da wayarta a sama ta cikin tob ɗinta, babban mayafin da take naɗe jiki da shi, don kada a ga hannunta. Ita ma sai da ta ji zuciyarta na bugawa da gangar. A ranta ta ce wataƙila mutumin nan ya san abin da yake yi.

Sai layukan suka tsaya cak. Na kowa.

"Ustaz, nawa ya mutu."

"Bai mutu ba, numfashi yake yi. Ku ɗaga sama! Ku fuskanci garin Sinnar, daga can shabaka ke zuwa!"

Aka juya gaba ɗaya aka fuskanci Sinnar, hannuwa a sama kamar masu roƙon ruwa. Wani ya ɗaure tasa a kan karan dawa ya ɗaga sama, sannan ya tuna ba ya iya ganin fuskarta. Wasu samari suka haye amalanken Jibril don su ƙara tsawo, suka yi ihu cewa a can shabaka ta fi ƙarfi, nan da nan amalanke ya cika. Jakin da ke ɗaure da shi ya waiwaya ya dube su, ya hango ɗanyar ciyawa a ƙetaren hanya, ya kama tafiya abinsa.

"Tsaya! Tsaya! Shabaka na tafiya!"

"Ba shabaka ke tafiya ba, ku ke tafiya!" in ji Jibril, yana dariya har da riƙe ciki. "Ustaz, ma'aikatanka sun gudu!"

"Ka tare jakinka, kai da shi hankalinku ɗaya!"

"A'a, shi ya fi mu duka. Shi kaɗai bai kawo waya ba."

Zaharaddini ya haye gada don kowa ya gan shi. Yana tafiya da baya da baya yana ba da umarni, "Na dama ku matso! Na hagu ku daina numfashi a kan wayoyi!" Ma'u ta ga inda gadar ta ƙare. Ta ce, "Ustaz," amma da muryar da ko ƙudan da ke kan miya bai ji ba.

Tsulum!

Ruwan ya kai masa ƙirji. Tabarau ya bi tur'a ya nufi gonaki. Hannu ɗaya dai na sama, waya a ciki, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Yakubu, da yake tsohon hannu ne, nan take ya sauya kiɗa yana kirari, namiji ya shiga ruwa, waya ba ta jiƙe ba.

"Kada wanda ya taɓa ni!" in ji Zaharaddini yana tofar da ruwa. "Da gangan na shigo. Ruwa na jawo shabaka, an rubuta a littafi."

Mutum biyu suka fara naɗe wando za su bi shi, sai da Baffa Almu ya ɗaga musu sanda.

To, ko don waɗanda jaki ya kwashe sun rage cunkoso, ko don Allah ya ji tausayin taron, layukan suka farfaɗo. Jibril ne ya fara ihu, "Halas! Na kai ƙarshe!" Yakubu ya durƙusa a gabansa da ganga, aka ɗaga hannunsa sama. Sai wani ma ya gama, sai wani, sai gaɓar tur'a ta kaure da sowa. Mata suka rangaɗa guɗa, Sakina ta daki kafaɗar Ma'u ta ce, "Kin ga famfo, yarinya!"

Aka jawo Zaharaddini waje, jallabiya ta manne masa a jiki, laka har gwiwa. Ya tsaya a tsakiya ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, abin da kwaleji za ta yi wata tana yi, mun gama shi kafin azahar. Yanzu kowa ya kunna nasa, mu ji abin da muka girbe."

Aka kunna. A wayar Jibril wani mutum ya bayyana, mai furfura da ɗamarar wuya, littattafai jere a bayansa, ya ce cikin Larabci mai daɗi, "Barka da zuwa, ya kai malami mai daraja."

A wayar da ke kusa da ita ma mutumin ya bayyana. "Barka da zuwa, ya kai malami mai daraja."

Ta gaba ma shi ne. Da ta gaba. Tun daga gada har inda jaki ya tsaya, mutum ɗaya ne mai ɗamarar wuya ke yi wa garin maraba, wannan na farawa wancan na ƙarewa, kamar kwaɗi bayan ruwan sama.

Zaharaddini ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa. "Wannan na farko ne. Wannan ma na farko ne. Wa ya ce duk ku danna na farko?"

"Kai ka jera mu bakin gona," in ji Baffa Almu. "Ina ka taɓa ganin anka fara gayya daga tsakiya? Daga baki aka farawa."

"Na ce kowa ya kama layinsa!"

"To ai kowa ya kama. Ga shi duk mun kai ƙarshe, ba wanda ya bar ciyawa."

"Ku yi shiru," in ji Jibril, "malamin na magana. Mu da muka sha rana, a bar mu mu ƙaru."

Aka yi shiru. Ashe ba ma darasin noma ba ne, bayani ne na yadda ake amfani da shafin. Mutumin ya gyara zama, ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "Abu na farko, kada ka ba kowa kalmar sirrinka." Wayar gefe ta amsa, "Kada ka ba kowa." Ta can ma ta ce, "Kada ka ba kowa." Maganar ta bi gaɓar tur'a tana tafiya har ta ƙure.

Jibril ya sosa ƙeya. "Ustaz, kunnena ba shi da kyau. Bari in mayar da shi baya mu sake ji."

"Wannan don ƙananan malamai ake faɗa," in ji Zaharaddini. "Mu manya akwai fahimta tsakaninmu."

Bai rufe baki ba wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, fuskarsa ta washe, ya ɗaga ta sama yana nuna wa mutane sunan.

"Kun gani? Dakta Nawal da kanta! Labari ya kai mata. Ku yi tsit ku ji yadda ake magana da ni a kwaleji."

Ya danna sifika ya ƙure murya. 

"Zaharaddini," in ji muryar, a natse, cikin Larabcin da babu wanda bai ji ba a wurin. "Wayoyi nawa gare ka?"

"Ɗaya, Dakta."

"Ɗaya. To ni ina tsakiyar shirya wa ɗalibai jarrabawa shafin ya kore ni. Sun ce an shiga da sunana a wayoyi barkatai, duk a wuri guda, sun rufe har sai sun yi bincike. Kai kaɗai na ba kalmar nan."

"Dakta, ai kin san shabakar ƙauye, wani lokaci waya ɗaya sai ta riƙa nunawa kamar..."

Baffa Almu ya matso ya sa baki dab da wayar, ya juya harshe zuwa Larabci. Shi da kunnensa ya yi nauyi, a zatonsa godiya ake yi, kuma bai ga dalilin da ɗansa zai cinye ta shi kaɗai ba.

"Hajiya ce? Sannu da aiki, Hajiya! Ki kwantar da hankalinki, kowa ya fito, babu wanda ya noƙe. Maza da mata, har da masu amalanke. Shi da hannunsa ya sa wa kowa kalmar, wanda bai samu ba ya karanta mai da ƙarfi. Har Yakubu mun kira da ganga."

Yakubu da ya ji an ambaci sunansa a gaban manya, sai ya ɗan buga sau biyu don gaisuwa.



"Ganga," in ji Dakta Nawal.

"Dakta, bari in yi bayani..."

"A'a, Baba ya yi bayani, na gode masa. Zaharaddini, ranar Lahadi kada ka wahalar da kanka da zuwa. Allah ya ba da sa'a a wani wurin."

Ƙit.

Babu wanda ya motsa. Ruwa na ɗiga daga jallabiyar Zaharaddini, ɗis, ɗis, a kan busasshiyar ƙasa.  Ma'u na tsaye da hannu a sama har yanzu, don babu wanda ya ce ta sauke. Ta ma manta da 'yar wayarta, wadda tun safe take jan layinta a hankali ita kaɗai. A daidai wannan shirun ta kai ƙarshe, darasin ya kunna kansa. Daga cikin tob ɗin Ma'u wata murya mai daɗi ta fito, ta ce,

"Barka da zuwa, ya kai malami mai daraja."

Dariya ta taso mata tun daga cibiya. Ta cije leɓe, ta toshe hanci, ina! Ta ja tob ta rufe fuska, ta durƙushe a tsakanin farantai, kafaɗunta na rawa, numfashi na sarƙe mata, hawaye na zuba shaaa. Duk lokacin da ta kusa tsayawa sai ta tuna tabarau na tafiya gona, ko Yakubu na gaida Dakta da ganga, sai abin ya dawo sabo. Wani sauti ya kuɓuce mata, iiii, kamar ƙofar langa-langa.

"Wayyo, baiwar Allah!" in ji Sakina, ta rungume ta. "Ku dubi yadda take kuka! Yi haƙuri, Ma'u, yi haƙuri."

Mata suka kewaye ta, wannan na shafa mata baya, wannan na yi mata fifita, wata tsohuwa na cewa rabon da ta ga mace mai jin zafin mijinta haka tun zamanin iyayensu. Samarin da suka fara ƙyalƙyatawa suka haɗiye. Jibril ya buɗe baki, Baffa Almu ya nuna shi da sanda.

"Kul! Ba ka ganin ɗiyar mutane? Duk wanda ya yi dariya a wurin ga, ni da shi ne. A zauna a ci abinci."

Haka aka ci kajin Ma'u shiru kamar gidan makoki. Har Jibril ya tsame cinya ya ajiye a gaban taubashinsa, ya ce, "Ci, ya zol. Kwaleji ba ita kaɗai ba ce a duniya."

A hanyar gida Zaharaddini na gaba, takalmansa na ƙugi da ruwa, ita tana biye da farantai a kai, idanunta jawur.  Da suka kawo inda babu kowa sai ya rage tafiya har ta iso shi, abin da bai taɓa yi ba. Ya sauke mata farantan ya riƙe da kansa.

"Ma'u," ya ce, ba da muryar shela ba, da wata ƙarama da ba ta san yana da ita ba. "Na ga abin da kika yi. Duk garin nan ke kaɗai kika san abin da aka rasa yau."

Ta ji abin na neman tasowa kuma. Ta yi maza ta ja tob ta toshe baki, kafaɗunta suka motsa sau ɗaya.

"Ya isa, ya isa," in ji shi. "Kada ki sa ni ma in fara."

Ta gyaɗa kai. Ta dube shi ta gefen ido, ga laka a kunne, ga farantai a hannu yana riƙe da su a karkace, miya na bin hannun rigarsa. A nan ta yanke shawara. Ko Sakina, ko innarta, ko 'ya'yan da za ta haifa, babu mai ji daga bakinta. Kuka aka ce ta yi, to kuka ta yi.